Kunshin maganin tayrod na wani Islamik kemis a Zoo Road, me ke ciki kuma wa ya dace ya sha

Jama'a an dame ni da tambaya kan kunshin maganin tayrod ɗin nan da wani shagon Islamik kemis na wajen Zoo Road a Kano yake ta talla a rediyo da WhatsApp, toh yau dai bari in zauna in faɗi abin da na gani tsakani da Allah. Ba zan kama sunan shagon ba don ba rigima nake nema da kowa ba, kuma ma irinsu sun yi yawa a garin nan, daga Kabuga zuwa Hotoro zuwa Kurna kusan duk kaya ɗaya suke sayarwa, kwali ne kawai da sunan Malam suka bambanta. Zumarsu da shayinsu zan sake saya in Allah ya yarda. Kafson da suke cusawa a cikin kunshin kuwa, duk mai irin ciwona dan Allah kar ya kai shi bakinsa.

Nawa ciwon irin wanda tayrod ɗin ke aiki fiye da kima ne. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar tsoka ce a gaban wuya ƙasa da maƙogaro, ita ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki, in ta zuba da yawa sai komai naka ya kama gudu. Ni dai lokacin hunturu kowa a gida da rigar sanyi da safa ni ina neman a kunna min fanka, in ci tuwo malmala biyu in ƙara da burodi amma zani kullum sai na ƙara ɗaure shi saboda rama, in na ɗauki kofin shayi sai ya dinga kaɗawa a hannuna har ya zuba, ga zuciya tana dukan uku uku ina kwance ban yi aikin komai ba, ga faɗa, yara ma sun daina zuwa kusa dani. Kun san mu a Kano komai sanyi ne ko taifot, in ya wuce nan a ce jifa ne ko mutanen ɓoye, duk an faɗa min. Gwajin jini ne ya raba gardama, TSH, wato sinadarin da ke ba tayrod umarnin aiki, ya faɗi ƙasa warwas, T4 kuma, wanda ita tayrod ɗin ke fitarwa, ya haye sama, likita yace cutar Girebs ce, wato garkuwar jikin mutum ce da kanta take zungurar tayrod ɗin ta hana ta hutawa, kuma ita ce ta fi kawo irin wannan ciwon, mata ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Aka ɗora ni kan kabimazol, maganin rage aikin tayrod, da wata ƙwaya ta rage gudun zuciya, akace kabimazol ɗin ana shan sa wata 12 zuwa 18 ne ana gwaji ana rage shi a hankali. Na faɗi wannan ne don ku san da idon da na shiga shagon.

Shagon kansa ba laifi wallahi. Tsaf tsaf, ga AC, ga ƙamshin turaren wuta, karatun Alƙur'ani na tashi a hankali ba irin mai fasa kunne ba, an ware wa mata benci daban da labule, kaya a jere kowanne da kuɗinsa a manne ba sai an kalli mayafinki an yanka miki farashi ba. Yaran shagon suna da ladabi, sannu Hajiya, bismillah Hajiya, har ruwa aka miƙo min. Malam yana ciki a wani ɗan ofis, shi ake shiga a gani kafin a haɗa kunshin, kuma ganin nasa kyauta ne. Kunshin gaba ɗaya N18,000 aka ce min, a ciki akwai kwalbar zuma, ƙaramar kwalbar man habbatussauda, wani garin haɗi a farar roba, shayin ganye, sai kwalbar kafso ɗan waje mai hoton wuyan baturiya a jiki.

Inda hankalina ya fara tashi shine a ofishin Malam. Akwai wata Hajiya da aka shigar da mu tare, babbar mace, fuskarta a ɗan kumbure tana magana a hankali kamar mai jin barci, tace ita kullum sanyi take ji ko ana zafin Afrilu, ga ƙiba ba ta cin wani abin kirki, ga gashi na zuba, ga kasala, kuma asibiti sun ɗora ta kan tayroksin. Wato ita tata tayrod ɗin ta gaza ne, kishiyar tawa sak. Malam ya saurare ta, ya gyaɗa kai, ya rubuta a 'yar takarda yace a haɗa mata kunshi. Ni ma na zayyana nawa, ya gyaɗa kai, ya rubuta, da muka fito sai ga leda biyu iri ɗaya a kan kanta, ko cokali ɗaya ba a bambanta ba. Na koma nace Malam Allah ya gafarta, ni fa nawa yawa yayi, Hajiya kuma nata kaɗan ne, ya za a ba mu abu ɗaya? Yayi murmushi yace Hajiya ai duk maƙoƙo ne, shi wannan magani daidaitawa yake, in tayi sama ya sauko da ita in tayi ƙasa ya ɗaga ta da izinin Allah. Takardar gwajina tana cikin jaka, bai tambaya ba, da na fito da ita ma kallo ɗaya yayi mata ya miƙo min.

Zan faɗi gaskiyarsa, shi Malam da bakinsa bai ce in ajiye maganin asibiti ba, cewa yayi in haɗa, in ba da tazarar awa biyu. Amma yaron da ke ɗaure ledar sai cewa yayi Hajiya ai da yawa bayan wata ɗaya ajiye na asibitin suke yi don sun warke. Wannan maganar ita ce mafi haɗari a duk abin da na ji a shagon, kuma a gaban mutane ya faɗe ta.

Bari in fara da kafson tunda shine matsalar. Ƙanin maigidana ya karanci harhaɗa magunguna, shi na miƙa wa kwalbar tun ban ɓalle murfin ba, ya juya bayanta ya karanto min abin da ke ciki: aidin, da wata ciyawar teku da suka rubuta kelp, da saiwar nan ta Indiya ashwagandha. Sai ya kalle ni yace Anti wa ya baki wannan? Abin da ya sa kuwa, aidin shine kayan da tayrod ke ƙera sinadarinta da shi, ita ciyawar tekun maƙare take da aidin kuma ba a ma iya sanin yawansa daga kwalba zuwa kwalba, ashwagandha kuma an san tana iya ƙara sinadarin tayrod a jini. Tukunya na tafasa tana zuba a murhu kai kuma kana tura mata itace, shine misalin. Babban mutum abin da jikinsa ke buƙata na aidin a rana maikurogiram 150 ne kacal, kuma mu nan Najeriya tun shekarun 1990 doka ta sa ake zuba aidin a gishirin da ake sayarwa, shi ya sa maƙoƙon da iyayenmu ke gani da a ƙauyuka ya ragu sosai. Irin wancan maƙoƙon na rashin aidin shi mutane suka sani, shi ya sa da an ce wuya ko tayrod sai a ce a ba shi aidin. Amma namu ba rashi bane. Likitana da na nuna masa a ranar asibiti bai ma tsaya dogon bayani ba, yace kar in sha ko ɗaya, ya ƙara da cewa ita ma waccan Hajiyar ba a ce ta sha gaba gaɗi ba sai likitanta ya gani, don aidin mai yawa yana iya rikita mai ƙarancin ma. Na so ace na karɓi lambarta.

Garin haɗin shi kuma babu komai a jikin robar in banda wata 'yar takarda da aka rubuta cokali ɗaya safe da yamma a kunu ko nono. Ba sunan abin da ke ciki, ba ranar da aka haɗa, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC. Da hanci dai na ji hulba da citta da kanumfari, launinsa kuma kore kore kamar an sa zogale, sauran Allah masani. Na tambaya akace sirrin gida ne. Toh ni bana faɗa da sirrin kowa, amma mai shan kabimazol dama ana sa masa ido kan hanta don wani lokacin, ba kasafai ba, yana taɓa ta, in na ɗora garin da ban san me ke ciki ba gobe ido yayi rawaya wa za a kama? Yana nan a ajiye ban taɓa ba. Kuma tunda an zo maganar lamba bari in faɗi wani abu da mutane ba su lura da shi, lambar da NAFDAC ke ba maganin gargajiya wadda ke ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba ba a ga yana cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jiki bane, in kun duba da kyau za ku ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance ikirarin ba. Wannan garin ko ita L ɗin ma bai samu ba.

Shayin kuwa ina son sa, gaskiya ina son sa sosai. Shi an rubuta abin da ke ciki, babunaj ne da na'a-na'a da wani ganye ɗan uwan na'a-na'a mai ƙamshin lemon tsami da ake ce wa lemon bam. Ganyen a bushe yake da kyau ba ƙura ba tsakuwa, in kika zuba tafasasshen ruwa kika rufe kofin da faranti na ɗan lokaci sai ya fito ruwan zinare, ƙamshin ya cika ɗaki, ɗan zuma kaɗan ya ishe shi. Na tambayi likita yace ba damuwa in sha kofi ɗaya da dare. Abin da yayi min shine ya raba ni da Lipton mai kauri da nake sha bayan isha'i da ɗan goron da nake ɓantara da rana, waɗannan biyun da Nescafe da lemukan ƙara kuzari da samari ke ɗirka duk suna da sinadarin kafin mai hana barci, kuma shi ga mai zuciya na gudu da hannu na rawa ƙarin wahala ne kawai. Barcina ya gyaru, amma bana iya rantsuwa ganyen ne ko barin Lipton ɗin ne ko kuwa kabimazol ne ya fara kama jiki, inaga duk sun haɗu. Shi lemon bam ana ta yaɗawa a intanet wai yana kwantar da tayrod, asalin maganar gwaji ne na ɗakin bincike ba a kan marasa lafiya masu yawa ba, saboda haka ni a matsayin shayi mai daɗi mai sa natsuwa na ɗauke shi, T4 ɗina da ya sauko ƙwayar asibiti ce ta sauko da shi.

Habbatussauda ba ni da ta cewa a kanta, hadisi ya inganta a Bukhari, kuma tun muna yara akwai ta a gidanmu. Man nasu mai kyau ne, da ɗaci da yajin nan da ke kama maƙogaro, ba a sirka shi da man gyaɗa ba. Ina ɗan lasa. Sai dai wani binciken da masu talla ke yawan kafa hujja da shi, wanda aka yi a Iran a 2016, a kan masu ƙarancin aikin tayrod aka yi shi ba irinmu ba, nan ma dai an sake cakuɗa ciwo biyu wuri ɗaya. Kuma Manzon Allah SAW da kansa yace ku nemi magani, ban ga inda shan habbatussauda ya hana mutum zuwa asibiti ba. Zumar kuma ta gaske ce, mai duhu mai ɗan ɗaci a ƙarshe, har da ɓurɓushin saƙa a sama, ta fi wadda nake saya a bakin masallaci nesa. Mai ciwon suga dai ya kiyaye.

Akwai wani abu da na hango a kantarsu da ba ya cikin kunshin amma ya shafe mu, ƙwayoyin gyaran gashi da farce da amare ke rububi, yawancinsu suna da wani bitamin da ake ce wa bayotin mai yawa. Mu kuma masu tayrod gashi na zuba, dole ido ya kai wajen. Shi bayotin ba ya taɓa tayrod ɗin kanta amma yana iya rikita sakamakon gwajin jini, ya nuna kamar ciwon ya ƙaru alhali ba haka bane, likita ya ƙara miki magani a banza. In kina sha ki faɗa, yawanci cewa ake a dakata da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini. Yaran shagon ba su taɓa jin wannan ba.

Abin da ya bani haushi shine abubuwan da ke da ɗan tushe ma ba su ake faɗa wa mutane ba. Misali seleniyom, wani sinadari ne da jiki ke buƙatar ɗan kaɗan, akwai binciken da aka yi a Turai aka buga a 2011, masu cutar Girebs da ta fara taɓa musu ido kaɗan aka ba su maikurogiram 200 kullum na wata 6 kuma an ga sauƙi a idon, a ido fa, ba wai ya warkar da tayrod ba, kuma shi ma yawansa guba ne sai da shawarar likita. Taba sigari tana ƙara tsananta fitowar idon sosai, duk mai wannan ciwo da ke sha ya bari, 'yan shisha ma su ji. Ciwon yana cin ƙashi a hankali, don haka nono da kindirmo da madara suna da amfani, ga yawan cin abinci mai gina jiki don a mayar da abin da aka rasa, ƙwai, wake, nama, ba wai a hana mutum komai ya ƙara ramewa ba. Duk wannan ba sai an kashe N18,000 ba. Su kuma masu turo saƙo wai a dinga markaɗa ɗanyen kabeji ana sha, ko a dage da fura don gero yana rage aikin tayrod, eh akwai ƙamshin gaskiya, a yammacin Sudan an danganta yawan cin gero da maƙoƙo a wuraren da dama babu aidin, amma ba wanda zai iya auna miki kofi nawa na fura ne zai yi daidai da ƙwaya ɗaya, ki sha furarki don daɗi kawai.

Na san me ke kai mutane irin waɗannan shagunan, ni ma shi ya kai ni. Gwajin tayrod ba arha ba kuma ba sau ɗaya ake yi ba, ga sammakon bin layi, ga magani sama da shekara, wani ma bayan ya gama ciwon ya dawo a fara maganar tiyata ko shan aidin mai haske da ke ƙona tsokar, mutum ya ji wannan ya ji wani a rediyo yana cewa wata ɗaya an gama, ai dole zuciya ta karkata. Amma wanda ya ajiye kabimazol don ya ji sauƙi, sauƙin na maganin ne, in ya bari ciwon dawowa yake, kuma in aka bar shi yana iya sa bugun zuciya ya rikice har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko zuciyar ta gaza, mai ciki tana iya ɓari ko haihuwa kafin lokaci, akwai ma wanda yake tasowa gaba ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, wannan sai gadon gaggawa. Mace in tana neman ciki ko ta ga wata ya wuce ta gaya wa likita da wuri don akwai wani maganin da ake canza mata a watanni ukun farko. Sannan duk mai shan kabimazol da ya ji ciwon maƙogaro da zazzaɓi ko gyambon baki, kar ya tsaya kemis a ce maleriya ce a ba shi allura, ya dakatar da ƙwayar ya tafi asibiti a ranar a duba jininsa, don wani lokacin yana karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Likitocin wannan fannin akwai su a garin nan, Asibitin Malam Aminu Kano ma suna da su, ba sai an je Abuja ko Masar ba.

Kafson na mayar musu tunda ban buɗe ba. Nan kam sun burge ni, ba musu ba ɓata rai, Malam da kansa ya fito, na karanta masa abin da ke bayan kwalbar na faɗa masa abin da likita yace, ya saurara har ƙarshe yace Hajiya mun gode, ilimi kogi ne, za mu duba. Aka musanya min da zuma babbar kwalba har da cikon canji. Garin ne sukace ba sa karɓa in ya fita daga shago. Sai dai da na leƙa kwanan nan sayen shayi, ledojin kunshin suna nan a jere an ɗaure su tun kafin mai ciwo ya zo, kafson na ciki, har yanzu iri ɗaya ne ga kowa.

Ana iya sayen kayan ɗaiɗai ba dole sai kunshin ba, amma sai kin faɗa da bakinki don ba za su ce miki ba, shayin shi kaɗai N2,500 ne. Suna karɓar tiransifa da POS, ranar Juma'a suna rufewa daga azahar sai bayan la'asar, kuma in da mota za ki je ki je da safe don da yamma 'yan adaidaita sun cinye gaban shagon kaf.